Ɗakin da Ke Kama Rezo

A duk faɗin gidan marigayi Malam Sale da ke Issawane, ɗaki ɗaya tak ke kama rezo, wato sabis ɗin waya, kuma tsautsayi ya sa ɗakin Inna Zara'u ne. Ita ba ta san da haka ba. Yo ina za ta sani? Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba, daga carbinta sai ciwon gwiwarta. Ɗaki ne dai da mijinta, Malam Sale, ya gina mata bisa ɗan tudun da ke kusurwar gida, tagarsa na duban hanyar Mayahi, daga baya babban ɗanta ya aiko daga Tamanrasat aka yi masa rufin kwano da daɓen siminti. A ciki ta yi jegonta na ƙarshe, a ciki ta yi takaba. Ba ta da sauran buri a duniya illa ranar da ajali zai zo ya tarar da ita a ɗakinta.

Babban ɗan nan, Laminu, shi ne ɗan farinta, saboda haka tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan na Aljeriya". In ya zo ganin gida ya durƙusa gaishe ta, bango take duba tana amsawa can ƙasa-ƙasa, sai ka ce an sa ta dole. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kunyar ɗan fari ke nan. Amma kowa a gidan ya san wa take fara sa wa albarka in ta idar da salla.

To, shi wannan Laminun ne ya tashi yi wa uwarsa abin arziki. Ya sa aka sayo tele, wato talabijin, mai faɗi a Maraɗi, da panno na hasken rana, da batir, da wani ɗan farin akwati mai ƙahoni biyu da ake ce wa wifi. Ya aiko wa ƙanensa Abbas, autan Inna, wanda ke zaune a gidan tare da matarsa Shamsiyya, da saƙon murya, bokal kamar yadda suke cewa. Ya ce kayan na Inna ne, ta riƙa ganin Ka'aba tana jin karatun malamai, shi kuma ya riƙa ganin fuskarta ta waya duk ranar Juma'a. Niyya dai kyakkyawa, babu mai kushe ta.

Mai haɗa irin waɗannan kaya, wani Gazali, ya zo daga Mayahi bisa moto, da jakar ƙarafa a baya da bayani cike da baki.

"Wagga ba irin ta da ba ce," in ji shi yana yage kwali. "Ba parabol, faifan nan na bisa rufi, ba igiyar da za a jawo, ba abonoma na wata-wata. Akwatin nan shi ke jawo rezo, ita kuma tele ta sha daga gare shi. Abin da ranka ke so shi za ka zaɓa, lokacin da ka ga dama. Forfe kawai, kuɗin data ke nan, za ka riƙa zuba mata, kamar yadda kake zuba ma moto isansi."

Daga nan aka shiga farautar rezo. Gazali na gaba da waya a sama, Abbas na biye, suna ta ɗaga kai kamar masu neman watan salla. Ɗakin Abbas, wanda tun jiya Shamsiyya ta share bangonsa ta kafa ƙusa, ko ɗigo babu. Zaure, sandar rezo ɗaya a fuskar waya, tana zuwa tana ɓacewa. Har bisa rumbu Gazali ya hau, ya sauko da ƙaiƙayi a wando, ba rezo. Sai da suka yi sallama ɗakin Inna ya miƙa hannu ta taga, sanduna suka cika fal. Ba su haƙura ba, suka bar akwatin a tagar suka kai tele ɗakin Abbas. Amma ginin ƙasa na Malam Sale ba na wasa ba ne. Wani ɗan zobe ya fito tsakiyar tele yana ta juyi, yana ta juyi, hoto ya ƙi zuwa. Dole aka kwaso komai aka dawo da shi inda mai kayan ya ce a kai tun farko.

"Allahu akbar! Inna, kin ga ikon Allah?" in ji Abbas. "Kayanki sun san ɗakinki."

Ran nan Inna Zara'u ta ga Ka'aba. Ta ga mutane fari fat suna kewaya ta, ta matso har bakin gado, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa, hawaye na zuba ba ta ko share ba. Ta ce Allah ya yi wa wancan na Aljeriya albarka, ya ba shi masu yi masa. Ta more kallonta ƙwarai, kuma gara da ta more, domin kafin la'asar telekomandi, wato rimot ɗin tele, ya shige aljihun Abbas, ya samu wurin zama.

Kafin ka ce kwabo, gidan Malam Sale ya zama kasuwa. Da hantsi, da zarar an sauke tukunya, Shamsiyya da matan maƙwabta za su cika ɗakin da goyo da ƙwaryar ɓarar gyaɗa, a kunna wani fim mai dogon zango wanda mutanen cikinsa ba su da sana'a sai kuka da saki da rungumar juna. Da la'asar kuma fadar su Abbas, samarin da shekara da shekaru suke shan shayinsu a gindin bishiyar bedi, suka tattaro buta da gawayi suka tare a ɗakin. Ɗakin tsohuwa ai ba shi da shamaki, kowa jikanta ne. Abbas, wanda a da ko rabon goro ake yi sai an tsallake shi, yanzu "Patoron", wato oga, ake ce masa, ana ba shi kofin farko.

Inna kuwa aka tura gadonta lungu don a samu wurin tabarma. A bangon gabas aka kafa tele, don haka in ta tada salla daga zaune, sai ta ɗago kai ta ga tana fuskantar waɗansu ƙarti masu gajeren wando suna bin ƙwallo. Ta roƙa a ɗan kashe ta idar. Abbas ya rage sauti, ya ce ai ita salla niyya ce. Barcin rana da ta saba yi ya zama tarihi. Furarta ma sai fim ya kai inda ake hutawa ake tunawa da ita.

Ranar Juma'a kaɗai, bayan an sauko masallaci, ake korar kowa. A share ɗaki, a sa Ka'aba a tele, Abbas ya zauna gefen gado ya ɗaga waya, fuskar Laminu ta bayyana.

"Inna, ina wuni? Kina jin daɗin kayan?"

Ita kuwa ta kau da kai tana duban bango. "Lahiya lau. An gode. A gaida mutanen can."

"Ka san Inna da kunya," in ji Abbas yana dariya. "Amma wallahi ba ta ɗauke ido daga tele. Mu ma sai mun roƙa take bari mu leƙa."

Abin da ba a faɗi a waya shi ne, Inna na da lalurar tsufa. Fitsari ba ya yi mata sallama, gwiwa kuma ba ta kai ta bayan gida da sauri. Shi ya sa take da fo a ƙarƙashin gado, sirrinta ita da Ubangijinta. To, yaya mace mai jikoki za ta jawo fo gaban maza cike da ɗaki? Sai ta rage shan ruwa, a zafin bazarar Issawane, har leɓunanta suka fara tsagewa. Duk da haka wata la'asar, ana tsakiyar wani wasa da aka ce babba ne, abin ya matsa mata. Ta yafito Abbas da hannu.

"Auta, ka ce su ɗan ba ni wuri."

"Mi za ki yi, Inna?"

"Kai dai ka ce su ɗan fita."

"Haba Inna, yanzu? Penalti fa za a buga! Ki ɗan daure, saura kaɗan a tahi mitan."

Ta daure iyakar daurewa. Aka buga penalti, ɗaki ya kaure da ihu, wani ya taka mata carbi. Kafin a kai mitan ɗin, wato hutun rabin wasa, abin da take gudu ya faru. Ta ja zane ta rufe ƙafafunta ta sunkuyar da kai. Na kusa da gadon ya shaƙi hanci ya matsa, na kusa da shi ya dubi ƙasa ya ga abin da ke gangarowa bisa siminti. Samari ne masu tarbiyya, tabarmarsu kawai suka ɗage suka ci gaba da kallo. Tun da take a duniya ba ta taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ran nan ba, ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Washegari sai ga tausayi ya kama Shamsiyya. Tausayi mai ƙarfi, har ta kasa riƙe shi a ciki, ta tare mijinta a tsakar gida ta faɗa da muryar da za ta kai lungun gado.

"Ni wallahi Inna ke ba ni tausai. Tsoho ba ya son hayaniya. Ga mutane na shigowa, manyan mutane, ɗaki na zarni. Mutuncinta za mu duba. Ga ɗakin ajiya can, shiru, ba mai damunta."

Ɗakin ajiyar nan wata ƴar bukkar laka ce mai rufin ciyawa kusa da turken awaki, inda ake tara buhunan wake da hauyoyi da tsohon akumarin jaki. Abbas yaro ne mai ladabi, ba zai yi wa uwarsa magana a tsaye ba. Ya shiga ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, na ɗan lokaci ne. Da an gama gasar nan za ki koma ɗakinki."

"Auta, ubanka ya gina mani ɗakin nan."

"Wa ya ce ba naki ba ne? Naki ne har gobe. Akwatin ne ba ya kamawa ko'ina sai nan, kin gani da idonki. Ba ni na ce ba, rezo ne."

"To, ku kwashe abinku. Na yafe Ka'abar."

"Subhanallahi! Kyautar Yaya za ki maida? So kike ya ce mu muka hana ki?"

Ka ji fa. Ba shi ya ce ba, rezo ne. A ranar aka matsar da buhuna, aka shimfiɗa mata tabarma da ƴar katifa a tsakani, aka kawo fo da buta da carbi. Gadon kuwa aka bar shi inda yake, saboda Juma'a.

Domin Juma'a ba ta fasa zuwa ba. Ranar Shamsiyya kan zama ɗiyar kirki. Ta ɗumama ruwa, ta cuɗa Inna, ta shafa mata mai, ta ɗaura mata atamfar da Laminu ya aiko. A kama ta hagu da dama a hau da ita tudu, a zaunar bisa gadonta, a kunna turare. Tana zaune tana satar kallon ɗakinta kamar baƙuwa. An sauke ƙoranta na jere, an liƙa hotunan ƴan ƙwallo a wurinsu, amma can inda idon waya ba ya kaiwa. Laminu ya tambaya, ta dubi bango ta ce lahiya lau. Da an kashe waya, tun turaren bai mutu ba, an sauko da ita.

Gasa ta ƙare, wata ta fara. Ashe ita ƙwallo ba ta da kaka ba ta da rani. Fim ɗin matan ma duk wanda ya mutu a ciki sai ya dawo, an ce ba shi ne ya mutu ba. Ana cikin haka Abbas ya lura cewa maza na ratsa tsakar gida suna ganin matarsa, abin da bai dace da gidan malamai ba. Don kishin addini ya kira magini aka fasa bangon ɗakin aka fitar da ƙofa ta waje, kowa ya shigo daga hanya ba sai ya yi sallama ba. Inna na kwance tsakanin buhuna tana jin bugun diga a bangon da mijinta ya ɗora da hannunsa, tana kuka ba sauti. Ranar Juma'a sai a saki labule a kan sabuwar ƙofar.

Damina ta faɗi, gari ya yi murna, rufin ciyawa ya fara zuba. Inna ta riƙa jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Waken kuma an zuba masa maganin ƙwari, in ɗakin ya yi laima sai warin ya tashi ya shaƙe mata maƙogwaro. Tari ya kama ta, busasshe da farko, daga baya mai tono ƙirji. Shamsiyya ta ce sanyin damina ne, kowa na yi. Abbas ya sayo mata ƙwayoyi wurin mai tallan magani ranar kasuwa, ya ce zai gyara rufin da an gama noman fari. Aka gama na fari, aka gama maimai, rufi na nan yadda yake. Amma ranar da iska ta karkatar da panno, cikin ruwan ya hau kwano da kansa ya daidaita shi.

Wata rana ƙawarta ta ƙuruciya, Lailatu, ta leƙo gaishe ta. Ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Ke Zara'u, wagga wace irin rayuwa ce? Kina da ɗa kamar Laminu kina kwana da wake? Ki buɗe baki ki gaya mashi mana!"

"Da wane bakin? Ni da ban taɓa duban idonshi ba? Kuma in haɗa su faɗa, ciki ɗaya suka fito? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"To, zauna nan kunya ta kai ki kushewa."

"Ke ki sa ɗanki ya aika mashi mana. Ai yana da waya."

Lailatu ta gyara lulluɓi. Ɗanta ai shi ke dafa shayin fada, surukarta kuma ita ke kama wurin gaba da hantsi. Ita kanta, in gaskiya za a faɗa, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta gidan ba, yau ne za a gane ko matar nan ta fim za ta koma ɗakin mijinta. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta juya ta nufi tudu. Duk unguwar haka take. Kowa ya gani, kowa ya ce wayyo, kowa ya wuce ya nemi wurin zama.

Wata safiya Inna ta yi tari ta duba gefen zane ta ga jini. Ba ta tsorata ba. Ta ga irinsa a wurin mijinta, ta san abin da ke biye. Ta sa aka kira mata Abbas, ya zo ya durƙusa kamar kullum.

"Auta, tahiya ta matso. Ban roƙe ka asibiti ba, ban roƙe ka komi ba. Ka maida ni ɗakina in cika a can. In kun rufe ni, ku kalli abinku har tashin kiyama."

"Haba Inna, ki daina yi ma kanki mugun baki! Ke da za ki ga auren jikokinki? Bari dai a ƙare wagga, wasan ƙarshe ya kusa."

Ya tashi yana kaɗe gwiwar wando, ya ce wa Shamsiyya a dama wa Inna kunu.

Tun daga wannan rana Inna ta fara gwada sunan ɗan farinta. Da farko a zuci, sannan a leɓe ba sauti, tana duban buhuna. Suna ne mai sauƙi, yaran unguwa ma faɗinsa suke, amma a bakinta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta san in ba ta kira shi da sunansa ba, ba za ta iya dubansa ba, in kuwa ba ta dube shi ba, lahiya lau ce za ta sake fita. Ta nemi gafarar uwarta da kakarta, ta jira Juma'a.

Juma'a ta zo. Aka cuɗa ta, aka shafa mata mai, aka hau da ita. Abbas ya ɗaga waya. Yau Laminu da jaririya ya bayyana, wadda matarsa ta haifa a can aka sa mata sunan Inna.

"Inna, ga takwararki tana gaishe ki. Ta ce a gaya maki tana nan zuwa ta ƙwace ɗakinki."

Inna ta juyo daga bango. Ta dubi jaririyar, ta dubi uban jaririyar, ta ga furfura a gemunsa da ba ta san da ita ba. Ashe haka ya yi kama da Malam. Murmushi ya kuɓuce mata ba ta shirya ba. Sai ta kai hannu ta damƙe wuyan hannun Abbas da wani ƙarfi da bai san tana da shi ba.

"Laminu."

Farantin da ke hannun Shamsiyya ya faɗi ƙasa. Abbas ya so janye hannu, ya kasa.

"Laminu, ɗana, ka saurare ni. Wanga ɗaki da kake gani, ba nan nike kwana ba. Ranar Juma'a kaɗai ake kawo ni, kamar kayan aro. Ɗakin wake nike, gun awaki, ruwa na zuba a kaina. Bayan labulen can ƙofa ce suka fasa. Jini nike tofarwa, Laminu. Ban ce ka yi faɗa da ƙanenka ba. Ka dai ce su maida ni ɗakina in mutu."

Ta faɗi na ƙishirwa, ta faɗi na ranar penalti, babu abin da ta rage. Shi kuwa yana cikin waya bai motsa ba, bai ƙifta ido ba, jaririya a kafaɗa, baki ɗan buɗe. Ta ɗauka maganar ce ta daskarar da shi, tausayinsa ya kama ta, ta sassauta murya ta ce ya yi haƙuri, ba don ta ɓata masa rai ta faɗa ba. Sannan ta saki hannun Abbas. Ta ji ƙirjinta ya yi sakayau, rabonta da jin haka tun kafin bazara.

Abbas ya juyo da wayar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya latsa. Sai ya saki doguwar ajiyar zuciya ya dubi matarsa.

"Forfe ya ƙare."

Wasan jiya ne, da ƙarin lokacinsa, ya shanye shi.

"Ya ji?" in ji Inna.

"Ya ji mi, Inna? Hoto kike ma magana tun ɗazu."

Ba ta gane ba sosai, amma ta gane fuskar Shamsiyya, wadda ta duƙa ta ɗauki farantinta tana kaɗe shi a natse. Abbas ya latsa lambobi ya zuba sabon forfe. Nan take bokal ɗin Laminu ya shigo, ya buɗe shi kowa na ji.

"Abbas, rezo ya yanke. Amma wallahi hoton Inna ya tsaya mani tana dubana tana murmushi. Tun da nike ban taɓa gani ba. Allah ya yi maku albarka kai da Shamsiyya, kun riƙe ta da kyau."

Abbas ba wawa ba ne. Ya san Juma'a na dawowa, kuma bakin da ya buɗe yau zai ƙara buɗewa. Ya matsa jikin taga, tunda nan kaɗai saƙo ke tafiya, dab da gadon da uwarsa ke zaune, ya danna waya ya marairaice murya.

"Yaya, ban so in tada maka hankali ba, amma sai addu'a. Inna ta fara rikicewa. Kwanan nan sambatu take, wai an kore ta, wai ruwa na zuba a kanta, tana cikin ɗakin kwano fa. Kai, yau bayan rezo ya yanke har sunanka ta kira. Gatsau, ba sau ɗaya ba. Ga Shamsiyya nan ka tambaye ta."

"Wallahi tallahi da kunnena na ji," in ji Shamsiyya. Kuma rantsuwarta ba kaffara, ta ji ɗin.

Kai jama'a! Da cewa ya yi ta kwanta ciwo, da Laminu ya yi tambaya. Da cewa ya yi ta ɓata da su, da ya nemi jin ta bakinta. Amma sunansa? Mutumin da ya yi furfura bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba, wace shaida kuma zai nema? Duk wanda ya san Zara'u a Issawane ya san in tana cikin hayyacinta ba za ta yi haka ba. Abu mafi tsada da ta mallaka ta fitar don ta fanshi ɗakinta, aka karɓe aka yi mata takardar hauka da shi. Kafin magariba labari zai gama unguwa, masu kallo za su girgiza kai su ce tsufa ba daɗi, Lailatu za ta ce dama ta ga alama. Daga yau ko Juma'a nawa aka zaunar da ita gaban waya, ko rezo ya cika fal, duk abin da ta faɗa sambatu ne. Irin waɗannan ƴaƴa ba sa zagin iyaye, ba sa ɗaga musu murya, balle a ce za a yi musu wa'azi. Durƙusawa suke har ƙasa su karɓi abin da suka zo karɓa, gari ya sa musu albarka.

Ba a jima ba amsa ta shigo. Muryar Laminu, da ji ka san kuka yake.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta kira sunana? Lalle abin ya yi nisa. Abbas, don girman Allah ku lallaɓa ta. Kuma ina ganin hayaniyar tele ɗin nan na ƙara mata. Ku nema mata wani ɗaki mai shiru, inda ba mai damunta."

Abbas ya danna waya ya kai baki.

"To, Yaya. Yadda ka ce haka za a yi."

Ya sa wayar aljihu, ya dubi Shamsiyya, suka kama Inna hagu da dama. A waje ƴan fada sun fara ƙwanƙwasa ƙofa.